Siginar Hagu ta Motar Malam Sambo

Cikin duk shekarun da na yi a garejin nan, akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga kaina. Tunda yau kun tsare ni da tambayar abin da ke mayar da sandar sigina da kanta bayan an sha kwana, to ku gyara zama. Ni dai ba zan zauna ba, kun san halina, a tsaye nake magana.

Damina ce, 'yan shekarun baya. A lokacin ni ne babba a ɓangaren wayarin na garejin hukumarmu a nan Dutse, kowa Habu mai wayarin yake ce mini. Cikin direbobinmu babu wanda ya kai Malam Sambo daɗewa. Bafulatanin Buji ne, dogo, marar yawan magana, mu duka Baffa muke ce masa. Tsohuwar a-kori-kura fara yake ja, yana kai masu gyaran famfon burtsatse ƙauyuka. Da safe za ka same shi yana zagaya ta yana shafawa kamar mai duba saniya. Saura 'yan watanni ya yi ritaya, kuma ko fitila bai taɓa fasawa ba.

Ranar Litinin, a hanyar Kafin Hausa, zai karya hagu ya shiga wani ƙauye, sai mai babur da ke bayansa ya fito zai wuce, ya daki ƙofarsa. Ƙafar bawan Allah ta karye. Malam Sambo ne ya ɗauke shi da hannunsa ya kai shi asibiti. Da aka zo bincike, mai babur ya ce bai ga sigina ba. Mai shayin bakin hanya ya ce shi ma bai gani ba. Malam Sambo ya ce ya kunna.

Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, idan mota ta yi haɗari, direba yana miƙa mukulli ga jami'in sufuri, wato shugaban da ke kula da motoci da direbobi. Makanike ya duba birki, mai wayarin ya duba fitilu, sannan kwamiti ya zauna. In an samu direba da laifi, a sauke shi daga mota. Ba kora ba ce, albashinsa yana tafiya, amma kullum zai zo ya zauna a bencin ƙarƙashin darbejiya yana kallon wani na jan motarsa. Direbobi zaman benci suke ce masa, kuma sun fi tsoronsa a kan kora. Abin da ke jiran Malam Sambo ke nan, a ƙarshen aikinsa.

Da safiyar Larabar jami'in sufuri ya same ni a rumfa. Ba mugun mutum ba ne, sauri ne ya yi masa yawa, kuma dangin mai babur sun cika masa ofis.

Ya ce, "Habu, ka duba siginar?"

Na ce, "Na duba, Yallaɓai. Ƙwayayen fitilun duk suna kamawa, gaba da baya."

"To magana ta ƙare. Sigina lafiya, shaidu biyu sun ce ba a kunna ba. Kwamiti zai zauna bayan Azahar."

Na ce, "Yallaɓai, a ba ni mukullin tukuna. Ban gama ba."

"Me ya rage?"

"Ban sani ba."

Ya kalle ni kamar zai yi faɗa, sai ya jefo mini mukullin ya wuce.

Wallahi ban san abin da ya rage ba. Abin da na sani shi ne na fi shekara goma ina ganin mutumin nan yana kunna sigina zai shiga garejinmu, a filin da ko akuya babu a bayansa. Irin wannan ne zai manta a kan titi? Na kasa zaune na kasa tsaye. Na sake duba fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa. Na bi waya tun daga batir har fitilar baya, na girgiza kowace mahaɗa ko akwai wadda ta saki. Babu. Na cire ƙwai, na mayar, na sake cirewa. Aka kawo mini koko da ƙosai, suka huce a kan taya. Makanikenmu ya ce, "Kai Habu, yau kuma kazar da ke neman wurin ƙwai ka zama?" Na ce ya rabu da ni.

Duk wannan kai-kawo, Malam Sambo yana zaune a gefe da carbinsa. Na je na tsuguna.

"Baffa, don Allah ka sake gaya mini. Daga ina ka kunna?"

"Tun daga nesa, ɗana. Tun kafin ramin nan da ke gaban mai shayi."

"Ka tabbata?"

Ya ɗago ya dube ni. Kunya ta kama ni, na tashi na bar wurin.

Hantsi ya yi sosai, sai masu wankin mota suka ce in janye a-kori-kurar daga hanya. Na shiga na tayar, na murɗa sitiyari dama har ƙarshe, na dawo na murɗa hagu har ƙarshe. Hannuna ya ji wani abu. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tafiya. Motar da ke lafiya, in sitiyarinta yana tsaye, abin da za ka murɗa hagu shi za ka murɗa dama. Na miƙar da ƙafafun, na danna sandar sigina ƙasa, hagu ke nan, ta fara ƙiftawa. Na ɗan karkata sitiyari hagu, bai kai faɗin tafin hannu ba, na dawo da shi. Ƙat! Sandar ta koma tsakiya, sigina ta mutu.

Na ce, "La'ilaha illallahu!" Na sake yi. Ƙat. Na sake. Ƙat.

To ga amsar tambayarku, ku buɗe kunne. In ka danna sandar sigina, akwai ɗan sifirin da ke riƙe ta a wurin, shi ya sa ba ta dawowa in ka saki. A daidai lokacin kuma wani ɗan harshe na roba yana leƙowa wajen ƙarfen da sitiyari ke juyawa. A jikin ƙarfen akwai zobe mai ɗan ƙusumbi, yana juyawa tare da shi. In ka murɗa wajen da ka ba da sigina, ƙusumbin ya zo ya ture harshen, harshen ya kauce ya ba shi hanya, babu abin da ya faru. Amma in ka gama kwana sitiyari yana dawowa, ƙusumbin ya kamo harshen ta baya ya tura shi, harshen ya kuɓutar da sandar, ta koma tsakiya. Babu wuta a wannan aikin, babu waya, turi ne kawai. Kuma masu ƙera mota sun ajiye ƙusumbin nesa da harshen, don kada ɗan kauce wa rami ya kashe maka sigina. Sai ka sha kwana ta gaske yake isowa.

A motar Malam Sambo ƙusumbin a bakin harshen yake zaune. Ya kunna tun daga nesa kamar yadda ya faɗa. Ya kauce wa ramin gaban mai shayi, ya dawo kan hanya, sigina ta kashe kanta. Ƙarar injin dizal ba ta bari ya ji ba, rana kuma ta dushe 'yar kibiyar da ke gabansa. Mai babur bai yi ƙarya ba, mai shayi bai yi ƙarya ba, Baffa ma bai yi ba.

Na shiga ƙarƙashin motar. Sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar gaba ta ɗan lanƙwashe, alamar motar ta faɗa mugun rami. Irin wannan lanƙwasa tana sa mota tana tafiya miƙe amma sitiyari a karkace, ƙarfen ciki da zobensa su ma a karkace. To amma wannan sitiyarin a tsaye yake cak. Na ɓalle murfin hon da ke tsakiyar sitiyarin. Noti ɗin tsakiya yana ƙyalli, da sabon shatin sifana a jikinsa.

Kun san abin da ake yi a bakin hanya. Direba ya ce sitiyarinsa ya karkace, sai a kwance noti, a zare kan sitiyarin, a juya shi ya yi daidai a ido, a mayar a ɗaure. Kafin ka sha ruwa an gama. A wasu motocin zoben yana bin kan sitiyarin, amma a wannan a jikin ƙarfen yake, don haka yana nan a karkacensa. An gyara abin da ido ke gani, an rufe alamar da za ta kawo motar gareji. Dokarmu kuwa a fili take: motar hukuma ba a taɓa mata sitiyari ko birki a waje.

Na fito da gudu, baƙin mai har goshi. "Baffa! Ka kunna! Wallahi ka kunna, motar ce ta kashe!" Na zayyana masa komai, ina haki, har na kai kan maganar noti. Ina faɗin haka na ga yatsunsa sun tsaya a kan carbi.

Na matso kusa da shi. Na rage murya.

"Baffa, kai ne?"

"Wancan makon, a hanyar Ringim. Ruwa ya rufe ramin ban gani ba."

"Me ya hana ka kawo mana?"

"In ta shigo garejinku yaushe za ta fita? Ƙauye uku na jiran a gyara musu famfo, mata na ɗebo ruwan kududdufi. Na ce ƙafa lafiya, sitiyari ne kawai."

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Motar da ta shigo mana jiran kayan gyara takan ga watan gobe a kan duwatsu.

Na waiga hagu da dama. Na ce, "Baffa, saurara. Motar nan ta bi hannu da yawa, ranar da ba ka nan wasu na ɗauka. Ni zan nuna musu yadda sigina ta mutu. Ba wanda ya san wanda ya kwance noti. Baki shi ke yanka wuya, ka yi shiru kawai."

Ya ce, "An kira salla, ɗana."

Ban san abin da na karanta a sallar nan ba, Allah na tuba. Ana sallamewa na riga kowa fita.

Kwamiti mutum uku ne: jami'in sufuri, shugaban direbobi, da wani daga ofishin ma'aikata. Na roƙe su su fito wajen motar. Na sa jami'in sufuri da kansa ya zauna a kujerar direba, ya danna sandar, ya ɗan motsa sitiyari. Ƙat. Ya dube ni, ya sake gwadawa. Na nuna musu zoben, na nuna musu lanƙwasar ƙasa. Shugaban direbobi ya riƙe baki yana salati. Jami'in sufuri ya sauko, ya je gaban Malam Sambo, ya ce, "Malam, mun zalunce ka a zuci. Ka yafe mana." Ya ciro mukullin daga motar yana juya shi a yatsa. Na rantse muku miƙa masa zai yi.

Sai na ofishin ma'aikata ya ce, "Amma wa ya kwance sitiyarin?"

Na yi caraf na ce, "Ranka ya daɗe, motar nan direbobi da yawa..."

"Ni na sa aka yi," in ji Malam Sambo. "A Ringim. Da na kawo ta nan, da ƙafar mutumin nan ba ta karye ba."

Ji na yi kamar in kama shi in girgiza. Jami'in sufuri ya ce, "Malam, ka san doka." Baffa ya ce ya sani. Mukullin ya koma aljihun Yallaɓai.

Da aka watse na bi shi har bakin ƙofa, raina a ɓace, idona ya kawo ruwa. Na ce, "Haba Baffa! Tun safe ban zauna ba saboda kai. Na ciro ka daga rijiya, ka sake tsunduma da ƙafarka?"

Ya dafa kafaɗata. "Allah ya yi maka albarka, Habu. Da safe an ce na yi ƙarya alhali ban yi ba, ka wanke ni. To da yamma kuma sai in yi ta?" Ya gyara hularsa ya ce asibiti za shi, ya duba mai ƙafa.

Abin da na koya a sana'a ke nan: sigina ba a gwada ta a tsaye kawai, sai an murɗa sitiyari hagu da dama, kuma duk wanda na kama a cikinku ya miƙar da sitiyari daga sama bai shiga ƙasa ba, ni da shi ne. Game da mutane kuwa, har yau ban gama yanke hukunci ba ko haushinsa nake ji ko kunyarsa.

Watannin da suka rage masa a benci ya yi su. Bai yi fashi ko rana ɗaya ba. Duk safiya sabon direba zai fito da a-kori-kurar, ya zo daidai darbejiya ya rage gudu ya gaishe shi, shi kuma ya ɗaga hannu ya ce a sauka lafiya. Ni dai har ya yi ritaya ta bayan rumfar masu wanki nake zagayawa in shiga aiki.