Murfin Akwatin Iya

A shekarar da damina ta sake yi mana gardama, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, can wajen Makoda. Hatsi ya ƙare tun sanyi bai shigo ba, har Baba ya kai sanmu na huɗa kasuwa. Goje muke ce wa san. Tun daga ranar Baba ya rage magana, ko turken ba ya duba.

Cikin wannan hali malaminmu ya ce za a yi nunin zane a makaranta, iyaye su zo kallo, kowa kuma ya sa nasa a firam na katako. Ni Goje na zana, da gawayi, a bayan kwalin sukari. Firam kuwa babu dalilinsa, don a lokacin ko itacen girki sai an yi tafiya.

Bayan magariba muka taru a ɗakin Iya, mahaifiyar Baba, kamar kullum. Tana tura kara cikin wuta da ƙafa, hannunta na kan mazari. Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi, cewa take, "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna." Ta ga na yi jugum, ta tambaye ni. Na ce ba zan kai zanen ba, ai kwali ne kawai. Sai ta shiga labari.

Wai wata yarinya ce ta ga tsiron tsamiya a bakin hanyar fatake, awaki na ta tattaka shi. Ba ta da ruwan da za ta ba shi, sai ta kafa ƙirare huɗu ta kewaye shi. Matafiyin farko ya hango ƙiraren, ya tsaya, ya ce lallai abin nan yana da mai shi, ya tsiyaya masa kaɗan daga gorarsa. Na bayansa ya ga danshi, shi ma ya ƙara. A haka tsamiya ta girma, har gari ya kafu a inuwarta.

"Ƙiraren ba su shayar da ita ba," in ji Iya. "Tsayar da mutane kawai suka yi."

Da safe ta jawo akwatin katakon da ta zo da shi gidan aure, ta aika a kira Baffa Sale, ƙanin Baba, da zartonsa. Ta ce ya cire murfin ya yi mini firam da shi. Ya yi ta ba ta baki, ta ce zani ma zai rufe mata kayan. Ya cire murfin, ya tsaga shi siri-siri. Ni ke miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse, Iya na jiƙa ƙaro don manna kwalin. Kusurwa ɗaya ta ƙi haɗuwa, muka bar ta a haka. Katakon da ya ragu ya fitar da firam har ga yaran maƙwabtanmu.

Ranar nunin, Iya ce ta matsa wa Baba ya je. Ya bi bangon ajin yana tafe yana wucewa, har ya iso kan nawa. Ya daɗe a tsaye. Can ya ɗora yatsa a kan kwalin.

"Hindatu, kin manta tsagar kunnensa na hagu."

Ya nemi gawayi ya ƙara ta da hannunsa. A hanyar gida ya ba ni labarin ranar da ya sayo Goje yana ɗan maraƙi, yadda ya fizge igiya ya kayar da shi cikin kwata a gaban jama'a. Yana faɗa yana dariya, idonsa na ruwa.

Shekaru da yawa na ɗauka don ni Iya ta yi tatsuniyar nan. Sai da babban ɗana ya rasa aikinsa, ya dawo gida ya zauna shiru, ina ta kewaya shi na rasa ta inda zan taɓa shi, sannan na gane ɗanta take kallo. Ba ta da san da za ta mayar masa, ba ta da hatsi. Murfin akwati take da shi, shi ta bayar.