Satin Yayana a Bakin Teku

Yayana ya taɓa mallakar sati guda. Ba gida ba, ba ɗaki ba, sati. A wani gidan hutu da ke bakin teku can wajen Kwatano, kwana bakwai na kowace shekara nasa ne, da takarda da hatimi. Sauran kwanakin shekarar na wasu masu irin hankalinsa ne.

Kada a ɗauka sakarai ne. Dillalin albasa ne da ya shekara talatin a kasuwar Malanville, mutumin da zai taɓa buhu da ƙafa ya gaya maka akwai ruɓaɓɓiya a gindi. In rigima ta tashi tsakanin manomi da mai saye, shi ake kira ya raba. Wata shekara ya bi motar albasa zuwa Kwatano, wasu samari masu ɗaure wuya da ƙyalle suka tare shi, suka kai shi ɗaki mai sanyi, suka ba shi lemo da ƙanƙara, suka nuna masa teku ta taga. Ya dawo gida da jakar takardu mai sheƙi a hammata, yana taku ɗai-ɗai.

Shi allo ya yi, ni na yi boko, don haka ni aka ba takardar na karanta. Satin nasa ya faɗo daidai tsakiyar cirar albasa, lokacin da ko suna aka yi a Gaya, nan ƙetaren gada, ba ya iya zuwa. Ga kuma wasiƙa da za ta riƙa zuwa duk shekara, ta kuɗin yanke ciyawa da wanke wurin wanka. Mutumin da kogi ke bayan gidansu, yana biya a wanke masa kududdufin da bai taɓa tsoma ƙafa ciki ba!

Ni kuwa Allah ya ba ni baki, ban kuma taɓa barin sa ya huta ba. Ni na laƙa masa Alhaji Mai Sati. A gidan biki na fara faɗa, kafin wata ya ƙare har 'yan dako sun ɗauka. Duk shekara in cira ta zo, sai in same shi tsakanin buhuna yana zuba gumi, in gaishe shi da hutu, in tambaye shi sanyin teku. Shekara bakwai ina wannan, yana murmushi yana kau da kai, ni kuma ina ganin wasan 'yan'uwa ne.

Wata Litinin da hantsi ya shigo gidana sanye da babbar riga, alhali ba Juma'a ba, ba biki ba.

"Ke mai baki, yau sai ki nemi wani abin dariya," ya ce. "An samu mai saye. Wani attajiri na daga ƙasar waje, satin nan nawa shika so, ba wani ba. Ninki ukku za shi biya."

"Barka, Yaya. To mi yar rage?"

"Kuɗɗin dosiye, wato haɗa takardu, da tambur, kan sarki ke nan, da na lauya. Ni ka biya, kahin sallar Jumma'a. Mutumin bana shika son shiga."

Na tambaye shi inda zai samu, tunda albasa ba ta shigo ba. Ya gyara hula, ya dubi kajina. Daga bisani ya ce injin Garou zai sayar, kwana goma kuɗi su zo ya sayo mana sabo.

Nan dariya ta tsaya mini. Injin ban ruwa ne na gonar da mahaifinmu ya bar mana a Garou, ni da shi muka haɗa muka saya. Albasar da ke ciki rabi tawa ce, ita nake ci shekara, kuma tana bukatar ruwa na sati uku kafin a cire. A zafin wannan lokaci, kwana biyu ba ruwa ganye ya kwanta.

"Yaya," na ce, "a rumhwarka, wa ka bada kahin alƙalami, mai saye ko mai kaya?"

Duk wanda ya taɓa sayar da ko akuya ya san amsa. Mai saye ne ke ajiye wani abu a hannu don a san da gaske yake. Dillali kuma ba ya taɓa la'adarsa sai ciniki ya faɗa, an ce albarka, an biya. Yaya da kansa ya taɓa korar wani daga rumfa don ya nemi la'ada tun kaya na kan mota, ana ba da labarin har yau.

"Wagga harkar Turawa ta, ba albasa ba," ya ce.

Na ce ya kira mutumin da ya kawo masa cinikin, ya buɗe murya mu ji tare. Ya kira. Gaskiya ban taɓa jin mai gaisuwa irinsa ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi kogi, ya yi wa iyayenmu addu'a har na ce amin ban sani ba. Sannan ya ce, "Alhaji, kai ka yi hangen nesa. Lokacin da ka sayi wurin nan mutane ba su gane ba, yanzu ga shi ana rububi." Na ga Yaya ya gyara zama, ya dube ni ta wutsiyar ido, fuskarsa ta yi haske kamar ta yaron da malam ya yaba. Na gani sarai, amma ban tsaya a kai ba, hankalina na kan injin.

Na karɓi wayar, na gaishe shi, na ce mu nan ga yadda muke yi. Baƙon da ya zo saye gidan dillali yake sauka. Attajirin nan ya zo, ɗakin baƙin Yaya a share yake, ni zan dafa masa shinkafa da ɗanyen kifi. Ya ga takardu, a yi ciniki, a ce albarka. Ya ce ai attajirin yana cikin jirgi. Na ce Allah ya sauke shi lafiya, muna jira. Ya ce doka ce ta ce a biya dosiye tukuna. Na ce to ya cire dosiyen da tambur ɗin daga cikin kuɗin satin, ya kuma ɗauki la'ada ninki biyu, mun yarda.

Sai ya ce, "Alhaji, ashe mata ke yi maka ciniki? Ni na ɗauka da namiji nake magana." Ya kashe.

Na yi dariya har da tafi. Da yamma akwai suna a unguwarmu, na ba da labarin kaf, ina kwaikwayon muryar mutumin, ina kwaikwayon yadda Yaya ya gyara zama. Mata suka yi ta faɗuwa kan tabarma. Na koma gida ina jin na ceci gonar ubanmu da bakina.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa Garou in duba albasa. Tun daga nesa na ji shiru, babu ƙarar inji. A bakin ruwa sai sawun gindinsa a laka, da tiyo yashe a ƙasa. Dattijon da ke yi mana noma ya ce Alhaji ya zo da amalanke tun Alhamis, shi kuma ya ɗauka gyara za a kai. Fangalin sama duk sun fara kwantawa.

Ban tsaya shan ruwa ba, na juya. Kasuwa ta cika, manyan motoci sun yi layi har wajen duwan, ofishin kwastan. Na same shi zaune kan buhu a bayan rumfa, waya a hannu. Ya riga ya tura kuɗin tun Juma'a da safe, lambar kuma tun daga lokacin ba ta shiga. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, ban rage ba. Na ce shekara talatin yana raba wa mutane gardama, ashe yaro mai daɗin baki zai kwance shi ta waya. Na ce ko bai ji abin da na tambayi mutumin ba?

"Na ji," ya ce. "Tun kahin ki buɗe baki nis sani. Wa za ki koya ma la'ada?"

"To don mi, Yaya? Don Allah, don mi?"

Ya daɗe yana murza wayar.

"Shekara bakwai," ya ce, "shi ɗai na yat taɓa ce mani abin kirki nis saye. Nic ce ko da ɗaya cikin dubu gaskiya ta, in zo in aje maki kuɗɗin gabanki, ki yi shiru."

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ranar nan an kayar da ni. Kunya ce ta kama ni, mai zafi, irin wadda ban taɓa ji ba.

Mun samu hayar inji daga maƙwabcin gona, amma fangalin sama ba su tashi ba. Shekarar nan da rabin albasa na ci. Daga ranar ban ƙara kiran sa da sunan nan ba, sai dai suna ya riga ya fita hannuna. Ranar da ya rasu, na ji da kunnena wani ɗan dako yana gaya wa ɗan'uwansa Alhaji Mai Sati ya cika.

Da aka zo rabon kaya, 'ya'yansa suka turo mini jakar nan mai sheƙi. Suka ce, "Gwaggo, ke kin ka hi sanin kanta." Na karɓa.

Bara, ana sauran sati uku cira, wayata ta yi ƙara. Murya ce mai ladabi, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, ta yi wa mamaci addu'a. An samu mai saye, in ji shi, ninki uku. Na san kowace kalma kafin ya faɗe ta, yatsana kuma yana kan wurin kashewa. Sai ya ce, "Hajiya, marigayi Alhaji mutum ne mai hangen nesa."

Ko dala ban tura masa ba. Amma na ce masa ban ji da kyau ba, ya maimaita.