Muryoyin da Fasto Iliya ya ba ni ajiya

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba zai kwashe ranar Larabar da aka tsayar da ni gaban komite a Paraku ba. Ku da kuka gaji madafin misiyo, gidan 'yan mishan, daga hannuna, ku saurara. Ƙasar nan tana Dahome a lokacin, Faransawa ba su daɗe da sauke tutarsu ba, ni kuma ina dafa wa Fasto Iliya abinci a Jugu.

Tsarin gidan nasu haka yake: katashis ne a ƙasa, shi ke koyarwa a ƙauyuka irin su Bariyenu. Sama da shi sai fasto, sama da fasto sai shugaban yanki. Waƙar ibada kuwa, wadda suke kira kantik, ba a rera ta cikin majami'a sai komite ya amince. Za a karanta kalmomin, a saurari muryar, mai kaɗa armoniyom, akwatin kiɗan majami'a, ta rubuta ta da ɗige-ɗigen Turawa, sannan a sa takardun a jirgin ƙasa su tafi kudu a buga.

Fasto Iliya yana tsara kantik da Hausa, domin mabiyansa Yom ne da Bariba da Dandawa, kuma Hausar kasuwa ce ke haɗa su. Kalmomi yana da su, ya cika kaye guda, wato littafin rubutu. Murya ce ba ta zama a kansa, ɗige-ɗigen nan kuma bai iya ba. Ni kuwa jikar fatake ce. Kakata ta bi ayarin goro har Gwanja, kuma babu waƙar hanya ko ta daka da ba ta zuba mini a kunne ba. In ina kirɓa sakwara sai in ga Fasto a bakin ƙofa da alƙalami.

"Inna Rabi, maimaita wannan."

"Fasto, doyarka za ta yi gudaji."

"Bar ta ta yi. Maimaita."

Sai ya ɗora kalmominsa a kai, ya lanƙwasa nan, ya ja can, ya ce in riƙe masa. Na riƙe, amma da sharaɗi. Na ce ni Musulma ce, ina salla, kalmominsa ba za su bi ta bakina ba. In ya nemi murya, da kalmomin kakata zan ba shi. Ya yi dariya ya ce, "To, ke riƙe tulu, ni in riƙe ruwa." Shekara shida muna haka.

Saura wata ɗaya komite ya zauna, ɓarin jikin Fasto ya shanye, harshe ya yi nauyi. Matarsa, Madam Saratu, ta same ni a madafi, har da durƙusawa.

"Inna, ba wanda ya san muryoyin nan sai ke. Amma don Allah ki rufe baki, ki yi su ta hanci. Kada su ji kalmomin."

Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, muka kwantar da Fasto bisa buhunan dawa, muka nufi Paraku.

Mutum uku ne a tebur. Shugaban yanki, mutumin kudu, da kwat cikin zafin nan. Wata Baturiya, Madmazel, a gaban armoniyom. Sai wani katashis mai jin Hausa, shi ne tafinta. Aka karanta kantik na farko, na makiyayin da ya saɓo tunkiyar da ta ɓata. Na ga shugaban yana gyaɗa kai. Aka ce in yi muryar.

Na yi ta hanci. Madmazel ta laluba, ta rasa. Na sake, ta sake rasawa. Shugaban ya faɗi wata magana da Faransanci, tafinta ya sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Ba komai, Inna."

"Kai, na haifi kamarka. Me ya ce?"

"Ya ce mai girki aka kawo ko kurciya. In ba ki da murya, a nemo mai ita."

Ni ba ni da murya? Ni da in na ɗaga waƙa a bakin rijiya mata ke sauke tulu? Madam Saratu ta kama bakin zanena, na fizge. Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: kalmomin Fasto na san su kaf, shekara shida suna shiga kunnena. Da na ga dama da na rera su. Na tuna sharaɗina, na tuna wulaƙancin mai kwat, na buɗe baki da na kakata:

Madugu, jakinka ya fi ka sanin hanya,
ka kwana gidan bazawara, ayari ya haye ba kai.

Ban taɓa waƙa kamar ranar ba. Masu shara sun leƙo ta taga. Madmazel ta kama muryar nan take, hannunta na gudu bisa takarda. Tafinta kuwa dariya ta ƙwace masa, sai shugaban ya ce ya fassara. Ya yi ta kame-kame, aka matsa masa, ya fassara.

Shugaban ya tambaya ko sauran ma daga nan suka fito. Na ce duka, ina taƙama. Ya rufe kayen a hankali. Ya ce duk matar da ta ji muryar nan a majami'a, madugu da bazawara za ta tuna, ba makiyayi ba. Fasto ya yi ta yunƙurin magana, sai miyau. Madmazel ta ninke takardarta ta sa a jaka. Ba a kai ga kantik na biyu ba.

Muka kama hanyar komawa. Wajen da ake tsayawa shan ruwa na miƙa wa Fasto ƙwarya. Ya dube ni, ya ɗaga hannun mai lafiya ya bubbuga katakon mota, bugun taɓarya, sau uku. Ko yafiya ce, ko tambaya yake ina muryarsa, ban sani ba. Bai ga sabuwar doya ba, ya rasu.

Madam Saratu ta koma garinsu da kayen. Na ji gara ta ci rabi. Littafin kantik ya fito daga kudu da waƙoƙin Turawa da aka juya, su kuke ji ran Lahadi. Ni na ƙara shekara goma sha a madafin, ba wanda ya sake tsayawa a bakin ƙofa.

Abin da na koya ke nan. Manyan wannan aiki suna son abinci, ba sa son ganin turmin da aka daka shi. Mu kuma ƙanana, in aka ba mu ajiya, girman kanmu ne ɓarawon da ke kwana tare da ita. Muryoyin suna nan a ƙirjina, a nan unguwar Lajifarani inda nake zaune yanzu, ba ɗaya da ta zube. Wani lokaci in jikata na daka, sai in ji tunkiyar nan ta taso har maƙogwaro, da kalmomin mai ita. Sai in haɗiye. Ranar da za su yi amfani ban faɗe su ba, yau wa zan faɗa wa?