Yaron da Ban Rubuta a Kayena ba

A garinmu, arewa da Tsarnawa, mata uku ne muka kai aji shida a lakwal. Ɗaya ta bi mijinta Malbaza da ya samu aikin siminti, ɗaya ta rasu wajen haihuwa. Shi ya sa ranar da majo, shugaban likitarmu, wato ƙaramin asibitin garin, ya ce a zaɓi mace guda da za ta riƙa bin gidaje da maganin yara, ba a daɗe ana shawara ba. Maigari ya ce, "Wadda ta iya riƙe bik ta yi rubutu, ita ce." Ni kaɗai na rage. Ƴaƴana biyar a lokacin, ga gonar wake tana jirana.

A wajen horo na dubi abokan aikina. Manoma ne irina, kaushi a ƙafa, wasu sun bar lakwal tun aji huɗu, wani ma da ajami yake rubutu. Dukanmu muna tsoron takardar aikin da aka ba mu, amma na fi kowa. Na haddace tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya don kada in kauce, wani ya mutu ta dalilina. Ta farko ita ce: tambayi uwa yara nawa gare ta da ba su kai shekara biyar ba.

Da damana ta sauka aka ba mu maganin kare yara daga masassarar sauro, wanda ake rabawa kowane wata. Rabona ya haɗa da wata ruga bayan fadama. Na tarar da wata matashiya tana wanke ƙwarya, jariri a baya, wata ƴar yarinya riƙe da zanenta. Na yi mata tambayar.

"Biyu," ta ce. "Ga su."

Na sake tambaya, don halina ne maimaitawa. Ta sunkuyar da kai ta ce biyu. Na ba su, na jira ko za su amayar, na rubuta a kaye, littafin aikina. A bakin wata bukka can gefe akwai yaro kamar ɗan shekara huɗu, yana jan igiyar maraƙi. Na gan shi. Wannan ne abin da har yau ba ya barina. Na ce a raina ɗan baƙi ne, tunda uwa ta faɗi nata, na wuce.

Bayan sati uku, da rana tsaka, wata tsohuwa daga rugar ta same ni a gona, goye da yaron nan. Jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun juye.

"Ke mai littafi, jikana!"

"Inna, ɗan wa ne?"

"Ɗan wadda kika ba ƴaƴanta magani mana. Na farinta ne, ni ke riƙonsa."

"Amma biyu ta ce mini!"

"To uku za ta ce? Ke kina lissafa naki na fari a gaban mutane?"

Ba na yi. Nawa ya fara gemu, ban taɓa kiran sunansa ba, in an tambaye ni ƴaƴana daga na biyu nake farawa. Na san kunyar nan tun ina yarinya. Amma da na riƙe takardar buro, wato ta hukuma, sai na bi ta, na ajiye abin da kowace mace a garinmu ta sani.

Muka ɗora shi a amalanke. Ruwa ya cinye hanya, jakin yana nutsewa a laka, ni da tsohuwar muna turawa. A bakin kwalta motocin siminti suna wucewa, ina ɗaga hannu ina ihu, har wata motar fasinja ta tsaya. Da muka isa likita, majo ya duba idonsa ya ce jininsa ya ƙare, sai babban asibitin Konni. Ba mu kai Konni da shi ba, a hanya ya cika.

Majo ya ce mini ko wanda ya sha maganin yana iya kamuwa, in daina cin kaina. Na ji, amma bai shiga ba. Na kai wa maigari kayen na ce a ba wata. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Wa za mu ba, ɗiyata? Nuna mini ita." Na tsaya ina tunani, gida bayan gida. Babu. Na karɓi abina.

Da wata ya zagayo na koma rugar. Wannan karo da tsofaffi na fara, na leƙa kowace bukka, na tambayi kowane yaro wace ce ta haife shi. Matashiyar ce ta ƙarshe. An ce ko ranar rasuwar ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo nono. Na buɗe kaye, tambayar tana gabana, bakina ya kasa.

Ita ta taimake ni. Ba ta ɗago kai ba.

"Biyu ne," ta ce.

Na rubuta.