Tanti Balkisa mai lakar teku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga Paris: Tanti Balkisa ta rasu a asibitin da aka kai ta can.

Ita kaɗai ce macen da nake yin Hausa da ita baki da baki a garin nan.

Da aka kawo ni Villeurbanne, a gefen birnin Lyon na Faransa, ina amarya, maigida yakan tafi aiki a Saint-Fons tun asuba, ni kuwa in wuni da littattafan soyayya a waya. Wata rana a tiram, jirgin ƙasan cikin gari, Tanti ta leƙo wayata ta ce, "Ke, a ƙarshe dai zai aure ta. Ajiye ki gaishe ni."

A jami'a take aiki. Laka ake ɗebo mata daga ƙasan teku, ta ajiye a ɗaki mai sanyi. Cikin lakar akwai halittun da ba su kai ƙwayar gero ba. Takan rage musu iska ko ta ƙara ɗumin ruwa, ta duba waɗanda suka mutu, da waɗanda suka lafe suna jira. 'Yar Damagaram ce, takan ce, "Garinmu ruwan sha ma wuya yake, ni ga ni da teku."

Duk Asabar sai ta kawo mini dambun zogale.

Ganinmu na ƙarshe a labo ne, ɗakin bincikenta. Ta zaunar da ni gaban mikroskop, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa. Abin da na ɗauka dauɗa ce, sai ga 'yan gidaje kamar na dodon koɗi, wani har yana motsi. Na tambaye ta ko su ma suna soyayya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Littafi ya cinye ki, Hadiza."

Ban san ciwo ne a ƙirjinta ba. Ba ta faɗa ba.

Ba ta da dangi a Faransa. Yayarta ta kira ni daga gida tana kuka, roƙonta ɗaya: a samu Bahaushiya cikin masu yi mata wanka.

Ban taɓa ganin gawa ba. Ban taɓa fita daga Lyon ni kaɗai ba, maigida kuma bai samu hutu ba. Na ce wa yayar zan je, sannan na zauna na yi kukan tsoro.

Yanzu ina cikin jirgin ƙasa zuwa Paris, da sabulu da turare a jaka.

Allah Ya jiƙanki Tanti, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ku da kuka karanta, ku yi mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne. Ni ma ku sa ni, Allah Ya ba ni zuciyar shiga ɗakin wankan nan.