Igiyar Taru da Ƙuncin Ƙanena

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci zuciya, Yake ƙuntata ta Yake yalwata ta, bai kuma danƙa mabuɗinta a hannun maƙwabta ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon da ya ɗanɗani baƙin ciki bai ɓoye hawayensa ba, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a tsohon Zongon Lome, tun kafin a tashe mu a kai mu bayan gari, ina da ƙane mai sayar da goro. Mutum ne mai baki, in ya fara ciniki har wanda bai zo sayen komai ba yakan tsaya saurare. Wata shekara, ba a yi masa mutuwa ba, bai yi asara ba, ba wanda ya ɓata masa, sai kawai ya daina fita. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya juya fuskarsa ga bango. Abinci sai matarsa ta tsaya a kansa. In aka taɓa ƙofa sai ya zabura, gumi ya keto masa kamar wanda aka zo kamawa. Na tambaye shi abin da yake tsoro, ya ce, "Yaya, da na sani ai da na gaya maka."

Malaman da suka gabata sun san wannan ciwo. Sun rarrabe tsakanin hammu, wato fargabar abin da bai zo ba, da huzunu, wato baƙin cikin abin da ya wuce. Bayan addu'a da zikiri, sun ambaci abinci mai taushi, da motsa gaɓoɓi, da kallon ruwa, da zama tare da wanda ba ya nauyaya wa mutum. Na karanta wannan a gaban malamaina. Mutanen Zongo ba su karanta ba, amma hakan bai hana kowannensu zama likita ba.

Dubiya sunna ce, ba na musun haka. Sai dai irin tamu, mai lafiya ma in aka yi masa ita zai kwanta. Tun hantsi zauren yake cika. A dafa shayi, a buɗe huhun goron mara lafiya a yi ta ci, kowa ya ce sannu, sannan ya faɗi sunan ciwon. Wata tsohuwa ta ce sammu ne, ta banka hayaƙi har sauron gidan ya yi ƙaura, ƙanena kuwa yana nan inda yake. Wani mai canjin kuɗi a unguwar Kodjoviakopé, bakin iyakar Gana, ya gyara rawani ya ce, "Raunin tawakkali ne, ba wani abu ba." Wannan bawan Allah na sha ganin sa ya kasa haɗiye tuwo ranar da kuɗin Gana ya faɗi. Na tuna musu cewa akwai annabin da ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, Allah kuma bai zarge shi ba. Suka ce, "Wannan ai annabi ne, Malam." Kuma ba wanda zai miƙe sai ya ba da labarin wani da ya yi irin wannan ciwo, ya ƙare tsirara a kasuwa.

Zamanin kuwa na jam'iyya ɗaya ne, kuma rediyo ya riga ya sanar cewa kowa a ƙasar yana cikin farin ciki. Wakilin jam'iyya na unguwarmu, wanda surukin baffanmu ne, ya zo sanye da riga mai hoton shugaban ƙasa, fuskar shugaban ta baje daidai kan tumbinsa. Ya duƙa kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ka gaya masa ya riƙa sakin fuska. In aka ga mutum kullum a murtuke, za a tambaya me aka yi masa, kuma wa ya yi masa."

Na ce, "To, mene ne maganin?"

Ya ce, "Ka ba ni shi in sa shi cikin masu rawar tarbar shugaba. Ka taɓa ganin wani a cikinsu ba ya murmushi?"

Na ce ban taɓa gani ba, kuma na san dalili.

Da abin ya daɗe, baffanmu, wanda shi ne babban gida, ya yanke hukunci: bayan Sallar layya za a kai ƙanena arewa wurin wani mai magani da ke sa wa mutane mari a ƙafa har aljani ya gaji. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga can. An ce ya warke, domin ba ya ƙara damun kowa. Ba ya dai magana ne gaba ɗaya, ga kuma tabon ƙarfe a idon sawunsa. Na roƙi baffa, ya ce maganar ta ƙare.

Ban tashi da wata dabara ba, neman wurin ɓuya daga masu dubiya kawai nake yi. Sai na tuna da bakin teku. Mu mutanen Zongo mun yi shekaru a kusa da shi muna kawar da kai kamar surukinmu, don haka na tabbata ba wanda zai bi mu can da butar shayi. Bayan asuba na ɗaga shi da ƙyar, muka taka har yashi, muka zauna.

Masunta 'yan ƙabilar Mina suna jan taru, wato babbar komar kamun kifi. Kwalekwale yakan kai shi cikin teku, sannan mutane su jeru a kan doguwar igiya suna ja da baya, suna waƙa, har rana ta ɗaga. Al'adarsu ita ce duk mai wucewa yana iya kama igiya, ba a tambayar sunansa, in taru ya fito a ba shi ɗan rabonsa na kifi. Ashe mun zauna daidai inda layin zai bi. Wani ƙato ya daka wa ƙanena tsawa da harshensu: "Kai mai babbar riga, ko ka ja ko ka matsa!"

Na yi zaton zai zabura ya gudu. Sai na ga ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya kama igiya. Ba su yi masa maraba ba. Na bayansa ya ce yana ja kamar mai tsoron farkar da jariri, wata mai jiran kifi ta ce a duba ko akwai ƙashi a hannun Alhajin. A iya sanina, wannan ne karo na farko cikin watanni da aka yi masa magana ba a fara da sannu ba. Ya dawo gida tafin hannunsa a saɓule, ya ce wa matarsa, "Akwai sauran koko?" Ya sha, ya yi barci har azahar.

Kada mai karatu ya ɗauka an warke nan take. Akwai safiyar da na yi ta fama ya ƙi ko ɗaga kai. Akwai ranar da muka je ya tsaya yana kallon ruwa da irin kallon da ya sa na riƙe gefen rigarsa. Amma kwanakin fita suka fara rinjayar na kwanciya. Rana ta gasa shi, cinsa ya dawo, wata rana har na ji shi yana rama zagi da harshen Mina, na kawar da kai kamar ban ji ba.

Labari ya isa kunnen baffa, ya tara mu. Ban taɓa ganin sa cikin ɓacin rai irin na ranar ba, har da lokacin da ƙanena yake kwance.

Ya ce, "Jikan limami, a tsakiyar masunta, ana yi masa tsawa kamar ɗan dako. Da yana kwance, aƙalla a cikin gida yake da mutuncinsa. Yanzu ne ma na tabbata hauka ne. Ba sai an jira layya ba."

Na ce, "Baffa, Allah Ya ƙara maka girma. Yana sallarsa kafin ya fita, al'aurarsa a rufe, aikin halal ne, abin da ke fitowa daga teku halal ne. A nuna mini babin da ya hana, in karanta."

Ya ce, "Kai komai sai ka ce babi. Babin shi ne mutane suna magana."

Ƙanena, wanda kansa ke sunkuye tun da aka fara, ya ɗago ya ce, "Baffa, na jiya ya yi daɗi kuwa? Inna matarka ta ce har ƙari ka yi."

Ashe matar ƙanena tana aika rabon kifin gidan baffa kullum, ana kuma karɓa ba tare da binciken asalinsa ba. Baffa ya yi gyaran murya mai tsawo.

"Ba a kan kifi muke magana ba."

Wakilin jam'iyya, wanda shi ma yana wurin, da ya ga inda iska ta juya, ya ce shi dama tun farko motsa jiki ya ba da shawara, kuma wannan aikin gina ƙasa ne.

Baffa ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ba da hukunci. An fasa tafiya arewa, bisa sharaɗin cewa in zai je bakin teku ya tuɓe babbar riga da hula, ya sa tsohuwar taguwa, don kada a gane ɗan gidan wa ne. A nan na fahimci cewa mutuncin zuriyarmu duka a jikin yadi yake, ana iya rataye shi a ƙusa a fita. Ƙanena ya ce ya yarda, dama rigar tana harɗe masa ƙafa.

Ya koma kan goronsa, bakinsa ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Ciwon ya riƙa ziyartar sa lokaci zuwa lokaci har ƙarshen rayuwarsa, kuma in ya ji alamarsa ba ya jiran ya kwantar da shi, sai ya nufi bakin teku ya kama igiya. Ban rubuta wannan don in hana kowa ganin likita ba. Mu a lokacin ba mu san ƙofar da za mu buga ba. Na rubuta ne saboda masu dubiya suna nan da ransu, sun ma hayayyafa.

Allah Ya jiƙan ƙanena da baffana. Kai kuma mai karatu, Allah Ya yalwata ƙirjinka, Ya sanya natsuwa a gidanka, Ya ba iyalinka lafiyar jiki da ta zuciya. Amin.