Hamamatu Mai Goro da Daɓen Kofaretif

Duk wanda ya zauna a unguwar Aboabo ta Kumasi kafin a samu 'yancin kai ya san Hamamatu mai goro. Mun yi shekara goma sha biyar gida ɗaya da ita, ɗakina na kallon nata, don haka abin da zan faɗa ba labarin ƙanzon kurege ba ne. 'Yar tsohuwa ce gajera, baƙa, Badagomba daga wajen Yendi. Ta zo Kumasi tana amarya, kuma har ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Ba ta da ɗa ba ta da jika. Sana'arta ɗaya ce, ta ɗora faifan goro a kan kwando a bakin titi, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta zauna. Idon ya fara mutuwa, amma in ka miƙa mata goro ta murza shi sau ɗaya, za ta gaya maka ko sankara ta shige shi.

Abin da ya dame ni da ita shi ne wurin zaman. Ga tasha can inda direbobi ke cin goro kamar ba gobe, amma ita sai jikin wani tsohon gini da ake kira Kofaretif, inda ba kowa ke bi ba. Na yi mata faɗa har na gaji. Sai ta ce, "Balki, nan inuwa ya fi daɗi." Ni kuwa ban ga wata inuwar kirki a wurin ba.

Ginin kantin haɗin kai ne da aka buɗe bayan yaƙin duniya na biyu, ana sayar da sukari, sabulu, kananzir da atamfa. Bai yi shekara biyar ba ya mutu, aka garƙame. Kafin kantin kuwa ba wanda ya san mene ne, domin duk mu a layin baƙi ne, mun tarar da shi a rufe, ciyawa har taga.

A shekarar 1955 Malam Sumaila, limamin layinmu, ya nemi a ba shi ginin ya mayar makaranta, saboda damina na korar yara daga ƙofar gidansa. Aka ba shi. Maza suka shiga gyara, suka ɗaga katakan da masu kanti suka shimfiɗa a ƙasa, sai ga daɓen siminti ya yi jawur, ya karkata zuwa kusurwa ɗaya inda aka yi magudana. Sama kuma ga zoben ƙarfe a jikin katakon rufi.

Mutala mahauci na cikin masu aikin. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya yar da gudumarsa.

"Wannan mayanka ce," ya ce. "Ga jini, ga hanyar ruwa, ga wurin rataye nama. Kuma duk mayankar Musulmi da aka taɓa yi a garin nan na san ta, ubana ya san ta. Wannan ba ta ciki."

Bai ambaci alade ba, amma kafin la'asar mata sun ambata masa. Mutala ba maƙaryaci ba ne, mahauci ne kawai, ko jan zane ya gani a igiya sai ya tuna tsoka. Malam Sumaila ya ce ko da wanki na tsarkake wuri, iyaye ba za su turo yara su buɗe Alƙur'ani a nan ba, gara a haƙura. Masu lori kuwa dama suna son a rushe ginin su samu wurin ajiye mota.

Da na kawo labarin gida, Hamamatu na wanke tsummanta. Ta tsaya cak.

"Dabi," ta ce. "A'a. Wannan ɗaki ba alade. Goro ne."

Allah ya yafe mini, dariya na yi. Na ce tsufa ne, wadda ta kwana ta tashi cikin goro ai ko masallaci ta gani za ta ce rumbun goro ne. Washegari da hantsi ta ce in riƙe mata hannu.

Mun tarar da Malam da Mutala suna kwashe kayan aiki. Ta gaishe su har ƙasa, ta ce a ba ta izini ta shiga. Ta bi bango da tafin hannu tana magana kamar mai zagaya ɗakinta. Wani attajiri ne ya gina shi, in ji ta, tun nan duk daji ne, saboda yana kusa da rafi. Mata goma sha biyu ne suke wanke masa goro a daɓen nan, ita ce ƙaramarsu. Ruwan wankin ne ke bin magudana. Zoben sama na sikeli ne, da shi ake auna huhu kafin a ɗora wa jakuna.

"Mutala, ɗana," ta ce, "duba taga. Mai yanka yana son haske ko ba ya so?"

Tagogin 'yan ƙanana ne, can sama dab da rufi. Goro ba ya son rana, ba ya son iska. Mutala ya sosa ƙeya, ya ce to jinin fa, Maame, wato Inna?

Ta kwance bakin zane ta ciro jan goro, ta fasa, ta daddage ta goga shi a inda simintin yake fari, ta yayyafa ruwa. Muka tsaya muna kallon ƙasa kamar sakarkaru. Kafin Malam ya gama jan carbi zagaye biyu, wurin ya rine, kala ɗaya da sauran daɓen. Mutala ya durƙusa ya shinshina, ya miƙe.

Da a nan ta tsaya ma ya isa. Amma ta ce akwai katako ɗaya da ba a ɗaga ba, ƙarƙashin taga ta uku. Aka sa ƙarfe aka ɓamɓare. A cikin simintin ga sawun ƙafar yaro guda biyu, ko wanne bai kai tsawon tafin hannuna ba, ɗaya ya ɗan goce.

"Sala ne," ta ce. "Yarinya na. Ranar da aka zuba siminti, ranar shi ya fara tafiya. Attajiri ya ce a bar shi haka."

Shekara goma sha ɗaya ina cin tuwo da matar nan, ban san ta taɓa haihuwa ba. Ƙyanda ce ta ɗauke Sala tana shekara uku, kabarin kuma tuni gidaje suka hau kansa. Hamamatu ta durƙusa ta sa yatsu biyu a cikin sawun, ta share ƙurar da bakin mayafinta. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na tuna duk faɗan da na yi mata a kan komawa tasha.

An buɗe makarantar bayan Babbar Sallah. Mutala da kansa ya shafe daɓen da sabon siminti, amma da ya iso taga ta uku sai ya zagaye wurin. Hamamatu ta ƙara shekara huɗu a duniya. Kullum da safe nakan riƙe mata hannu har jikin bangon, ta ajiye faifanta a ƙarƙashin tagar nan ta waje, yara na karatu a ciki.